Inna, Ƙaro Leda

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka kowa ya gyara zama, yau asirin cikinmu za mu tona, mu 'yan makaranta da tsofaffin 'yan makaranta na wannan yanki, daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun. Kada wani ya ce ban da shi. Ɗalibi da malami da masinja da mai gadi, duk rumfa ɗaya ke haɗa mu idan rana ta take, ciki ya fara kiran ciroma, kuma duk magana ɗaya ke fitowa daga bakinmu da zarar an gama zuba mana garau-garau: "Inna, ƙaro leda."

Ka tsaya gefe wata rana ka ƙirga, in kana da ƙarfin hali. Shinkafa da wake a farar leda, ɗaya ke nan. Mai da yaji a 'yar ƙarama, biyu. Yankakken tumatir da albasa a tasu, uku. A tattara a zura cikin baƙa, huɗu. Sai mu ɗaga ta sama muna leƙen gindinta kamar mai duba lafiyar ƙwai, mu ce ai wannan ba za ta kai ba, a ƙara wata, biyar. Ruwan leda biyu, bakwai. To ina za a kai wannan kaya da aka yi wa ɗauri kamar za shi Legas a motar dare? Gindin dogonyaron can ne, taku ashirin daga tukunyar. A zauna, a huda da haƙori, minti biyar an tashi, an karkaɗe riga, an yi hamdala, an bar wa iska amanar leda bakwai. Inna kuwa ga kwanukanta nan kife a cikin daro, wankakku tas, ga cokula tsaye a cikin kofi, tun safe ba wanda ya ce musu sannu. In ta gaji da mu sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗiyan ga, mi kuka yi da leda haka, ko ita ma cin ta kuka yi?" Mu ƙyalƙyale da dariya, hannu dai yana nan a miƙe.

Ita baƙar ledar mun san aikinta, ba sai an je wurin malamin duba ba. Sutura ce. Ita ke rufa wa mutum asiri kada 'yan ajinsu su gane yau ma babu nama. Mai ɗauke da baƙar leda, ko garin kwaki ne a ciki, takun wanda ya sayo kaza yake yi.

Abin da ke ba ni dariya, mu ɗin nan a gida ba haka muke ba. Mu ne fa jikokin matan da ba su san a zubar da abu ba. Tuwon jiya ɗumamen safe ne. Abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, a shanya shi a faifai, wata rana a jiƙa a kwaɗa da ƙuli. Ruwan wankin gero ƙasarin awaki ne, dusa ta tumaki ce, toka ta wanke-wanke ce, ragowa mai kyau ta almajiri ce, wadda ta juya ta kaji ce, wadda kaji suka raina ta tafi juji, kafin faɗuwar damina jaki ya kwashe ta zuwa gona. Ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, ta sake fashewa ta zama sakaina. Gwangwanin madara sai ya yi aikin alala, ya yi na awo, sannan yara su yi mota da shi. Robar lemo guda ɗaya kuwa, Allah kaɗai ya san rai nawa gare ta: ta ɗauki zoɓo, ta ɗauki kunun aya, ta koma ta man gyaɗa, ta ƙare a teburin ɗan bumburutu da fetur a cikinta. Duk wannan muna yin sa ba tare da an kira taro ko an buga alluna ba. Amma da zarar an miƙa wa mutum takardar samun gurbi, ya rataya katin shaida a wuya, shi ke nan wanke kwano ya zama zubar da aji.

Yanzu kuma ga sabuwar magana ta iso daga manyan jami'o'in duniya, wai a gyara harkar abincin makaranta yadda ba za ta cuci muhalli ba, a rage shara, a rage hayaƙi, a sayi cefane daga manoman kusa, a daina zubar da ragowa. Muka ce madalla, muka yi abin da muka fi ƙwarewa a kai, wato taron ƙara wa juna sani. Na halarci irinsa a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, don gobe ma ina son a gayyace ni. Awa uku ana ragargazar leda da Turanci mai kauri, muna ta tafi. Da aka shafa fatiha sai ga 'yan kwamiti da buhuna, kowa aka miƙa masa shinkafa a farar robar nan mai kama da kumfa, da cokalin roba, da ruwan gora, duk a zure cikin leda. Wanda ya fi kowa zafi a kan mumbari shi ya karɓi biyu, ya ce ɗaya ta direba ce. Ni ma biyu na karɓa, kuma ba ni da direba.

Ba haka aka faro ba. Tambayi tsofaffin da suka yi jami'a a Zariya ko Kano a shekarun 1970, amma ka tabbata kana da lokaci, don ba sa gama labarin. A zamaninsu gwamnati ke tallafa wa cikin ɗalibi, mutum ya miƙa tikiti, ya ɗauki faranti, ya ci ya ajiye, a wanke wani ya ɗauka. Maganar abincin nan ba ta wasa ba ce, domin a 1978 da aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tayar da zanga-zangar da aka fi sani da "Ali Must Go", har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Daga baya, a shekarun 1980, gwamnati ta zare hannunta daga tukunya, aka bar kowa da aljihunsa. Makarantunmu na nan duk bayan an ɗage wannan faranti suka zo duniya. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdu Gusau, a 1992 aka kafa ta, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim, muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, shekara huɗu kafin a yanke Zamfara a 1996. Jami'ar jiha kuwa ta jiya-jiya ce, 2018. Ga kuma kwalejin aikin gona a Bakura. Mu a hannun Inna mai abinci muka buɗe ido, da mai shayi, da yarinya mai awara, da Bafulatana mai fura. Kuma a faɗi gaskiya, su suka riƙe karatun nan. Akwai masu babbar difloma da dama a garin nan da ya kamata a rubuta sunan mai ɗanwake a ƙasan takardarsu, don bashinta ne ya kai su jarrabawar ƙarshe. Ruwan leda ma a shekarun 1990 ɗin nan ya bazu a ƙasa. Mu da shi sa'anni ne, tare muka girma, shi ya sa ba ma ganin laifinsa.

Shekarar 1978 ɗin dai, ita ce aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, nan ƙasar Maradun. Tana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, an tsara ta shayar da wajen hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Ba a banza muka same ta ba, iyayenmu sun biya da gonaki da gidaje, a 1980 wasu suka biya da rayukansu a rikicin diyya, Allah ya jiƙan su. To ka ji, abin da Turawa ke rubuta littafi a kansa, wai makaranta ta sayi abinci daga gonar kusa don kada mota ta ƙona mai tana jigilarsa daga nesa, mu a tsakiyar gonar aka gina mana aji. Shinkafa, dankali, albasa, tumatir, masara, duk ga su a bayan katanga. Amma yaron da ubansa ke da shanshera jibge a ɗaki, shi ne zai leƙa tukunya ya yatsine fuska ya ce, "Inna, 'yar gida ce ko 'yar waje?" In ta ce 'yar gida ce sai ya fara zancen tsakuwa, kamar ba da ita aka yaye shi ba. Da dare kuma mu ɗunguma wurin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai ɗaya, kowace da ledarta, kowane sinadari da 'yar tasa ledar. Lokacin da tumatir ke ruɓewa a kwando ranar kasuwar Talata don ba mai saye, a lokacin ne ake yaga ledar tumatirin kanti a zuba mana a miya, mu ce yau miya ta yi kyau.

Hocen da tsohuwa ta aiko daga gida kuwa, wanda ba ya neman firij, ba ya neman leda, dawarsa daga gonarmu ta fito, shi ne muke turawa can ƙarƙashin akwati. Sai wata ya yi nisa, aljihu ya yi sanyi, a rufe ƙofa a fito da shi da ƙuli da ruwa. Ranar ne za ka ga har 'yan gayun ɗakin sun matso suna cewa, "Kai, ai wannan shi ne abinci."

Maganar ruwa, a nan dole a yi mana adalci. Ba iyayi kaɗai ke kai mu ga ruwan leda ba, akwai tsoron amai da gudawa da taifot, kuma wanda ya taɓa kwanciya a kansu ba a yi masa wa'azi. Sai dai mu ɗin da ba ma yarda da ruwan randa, mu ne ke ɗaga robar kunun aya mu kafa kai, ba mu taɓa tambayar daga wane juji aka tsinto robar ba, ko wa ya wanke ta, ko da me. Yi lissafin 'yan firamare: mutum ya sha leda huɗu a yini, a lokacin zafi ma ai ya fi, ɗalibi dubu sun zubar da 4,000 ke nan kafin magariba, a wata guda 120,000. Ba mai kwashe su sai iska, ita kuma ba ta da wurin ajiya sai waya da ƙaya da kwalbati. A Amurka, Jami'ar Vermont ta daina sayar da ruwan gora a harabarta a 2013, ta kakkafa wuraren da kowa zai zo da gorarsa ya cika. Aka yi ta yayata abin a matsayin sabuwar dabara. Kakata da ta rasu ba ta san an yi wata ƙasa Amurka ba, amma randarta da moɗa suna ƙofar gida rani da damina, duk mai wucewa ya sha ya yi mata addu'a. Abin da ya rage mana shi ne ruwan ya zama mai tsabta, moɗar kuma kowa ya zo da tasa.

Sai maganar injin sayar da kaya, wannan akwatin ƙarfe da ake jefa wa kuɗi ya tofo lemo ko biskit, wanda a Japan kusan kowane lungu akwai shi. Can damuwarsu ita ce yana shan wuta dare da rana, ana neman yadda zai rage. Mu nan in an kawo shi, kwana uku zai yi ya mutu da baƙin ciki. Wutar da zai sha ba ta zuwa. Kuɗin ƙarfen da zai haɗiya mun daɗe da yi musu ritaya. Ba ya amsa sallama, ba ya tambayar mutanen gida, ba ya jin "Allah in an turo zan biya", uwa uba ba ya ba da gyara. Injin da ba ya gyara ai ba ɗan kasuwa ba ne. Namu injin shi ne yarinyar nan mai bokiti da ƙanƙara a ƙofar aji, da shagon mai firij wanda janaretonsa ke tari tun hantsi, hayaƙin na shiga ta tagar ɗakin karatu inda malami ke bayanin ɗumamar yanayi, mu kuma muna rubutawa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da zoɓo mai sanyin da janareton ya sanyaya. Rana ga ta nan kyauta tana gasa mana ƙeya, masu cajin waya ma tuni suka gane suka ɗora faifan sola a kan rumfa, firij ne dai har yanzu yake jiran fetur.

Wani abin ma sai ka riƙe ciki. A 2019 kwalejin Goldsmiths da ke Landan ta hana sayar da naman shanu a harabarta, saboda kiwon shanu irin nasu na ƙara ɗumama duniya. Mu wa zai zo ya hana mu? Aljihu ya riga kowa. Tun da daɗewa awara ce namanmu, wake ne kazarmu, wanda ya ce a sa masa yanka biyu sai an juyo an dube shi, a fara tunanin ko alawus ya fito ba a gaya mana ba. A wannan fanni mun wuce Ingila nesa ba kusa ba, lambar yabo ce kawai ba a aiko ba.

Inda ba mu da bakin magana shi ne murhu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, masu abincin da suka fara gwada gas da yawa suka koma gawayi da itace, tsugune ba ta ƙare ba. Dajin da ake saro itacen ga shi yana ƙarewa, ga shi kuma ba ya shiguwa yadda aka saba, kowa ya san dalili. Mu rubuta jarrabawa a kan kwararowar hamada da safe, da yamma mu tsaya kan mai tsire muna cewa ya ƙara wuta. Kuma da me ake hura gawayin? Da leda. A dunƙule ta a cinna mata ashana, ta riƙa ɗiga tana ci, baƙin hayaƙi na tashi, Inna na fifita da murfin tukunya tana tari, goyonta na shaƙa. Mu da muka karanta illar wannan hayaƙi muna tsaye muna cewa ta yi sauri muna da lacca. Koko mai tururi ma a leda muke karɓa, mu ciji kusurwa mu tsotsa muna tafiya.

Hukumar kwashe shararmu ta gaskiya kuwa awaki ne, su ke aiki ba albashi ba hutu. Ledar da ta sha mai da yaji, akuya ba ta bambanta ta da abinci, sai ta haɗiye. Je ka mahauta da sassafe ka tambayi masu fiɗa abin da suke tararwa a tumbi: leda a murɗe, ta dunƙule kamar igiyar guga, dabba ta yi ta ramewa mai ita na cewa sammu ne. Sannan a yanka ta, a tsire ta, a naɗe mana a takarda, a zura a baƙar leda, mu ce a ƙaro wata. In damina ta sauka, kwalbati ya toshe, ruwa ya biyo hanya ya shigo ɗakin kwana ya jiƙa katifa, sai mu fito da wando a naɗe muna zagin gwamnati. Laifi tudu ne. Ledar da ta toshe kwalbatin in da tana magana, da sunanmu za ta kira ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran rajista.

Wasu sun gaji sun sa doka. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana farar robar abincin nan mai kama da kumfa a Janairun 2024, a watan Yunin shekarar kuma gwamnatin tarayya ta ce a daina amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Na san halinmu, in aka ce yau an hana a nan, gobe za ka ga ɗalibi na zaro leda daga cikin hula, wani daga safa, a buɗe kasuwar bayan fage a bayan masallaci. Doka ba ta kama abin da kunya ta ɗaure wa gindi.

Don ni na ga inda gizo ke saƙar. Muna makaranta akwai wani ɗan ajinmu da kullum yake zuwa rumfa da 'yar langarsa mai murfi, da cokalin ƙarfe a aljihun gaba tare da biro. Ba irin tsiyar da ba mu yi masa ba. In ya tunkaro sai wani ya rera muryar bara, wani ya ce a ba shi ɗan ragowa. Shi dai ya yi murmushi ya miƙa langa. Sai da muka kusa fita muka lura da abin da ke faruwa: Inna tana ƙara masa cokali guda cur a kan na kowa, wani lokaci har da ƙashi mai ɗan nama, don ita ta san nawa take kashewa a kan leda kowane mako, kuma shi kaɗai ne ba ya ci mata riba. Abincinsa da zafi, mai bai tsiyaye masa a wando ba, ragowar ya rufe ya kai dare. Shekara biyu yana cin gyara muna cin leda, kuma mu ne masu dariya.

Saboda haka shugabannin makarantunmu, ba mu ce ku sayo injin Japan ba. Famfon sola mai ruwa mai tsabta kusa da rumfunan abinci, da 'yar kwatar wanke kwano da sabulu, da duro biyu, ɗaya na ɓawo da ragowa a kai gonar makaranta ya zama taki, ɗaya na roba 'yan jari-bola su zo su saya. A taimaka wa masu abinci da murhu mai tsimin gawayi ko da bashi ne, ai sun daɗe suna ba mu. Inna, ke kuma ki daina jin nauyinmu, mai kwano ki yi masa gyara a gaban kowa, mai neman leda ta biyu ki ce ya biya, za ki ga yadda ta farko za ta yi ƙwari nan take.

Gobe Talata, kasuwa na ci, kuma masu kwanuka ba su tashi ba. Ni dai zan je in sayi langa mai murfi. Duk wanda ya sake ganina da baƙar leda a gindin dogonyaro, ya ƙwace abincin ya cinye, na yafe masa duniya da lahira, amma ledar ya mayar wa Inna.